Gezawa: Inda gona ba ta hutu, ɗalibi ma kada ya zubar da shekara

A makon nan tafiya ce ta kama ni, na ga kuma ya dace in zo muku da tsarabarta, musamman ku 'yan SS2 da SS3 da jarrabawar fita ke ƙwanƙwasa muku ƙofa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ba mai yawan kiran waya ba ne. In ka ga kiransa, to ko rasuwa aka yi, ko haihuwa, ko wata magana ce da ta fi ƙarfin waya. Wata Alhamis a tsakiyar kaka ya kira ni bayan la'asar. Da muka gama gaisawa sai ya ce, "In kana da sarari ka zo jibi. Maganar karatun Auta ce. Akwai wata takarda da nake so ka duba mini kafin in sayar da gyaɗa." Da na ji an haɗa takarda da gyaɗa a magana guda, na san ba zancen jinkiri ba ne.

Hanyar Haɗeja

Ranar Asabar da sassafe na shiga mota a 'Yankaba, daidai lokacin da 'yan gwari ke sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa. Daga nan zuwa Gezawa ba ya kai sa'a guda in hanya ta yi kyau. Da farko ba za ka ce ka bar birni ba, domin ta wajen Tokarawa da Gunduwawa masana'antu ne da rumbunan ajiya da manyan motoci a gefen titi. Sannu a hankali sai gine-gine su ja baya, gonaki su karɓi hanya.

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne babu jeji. Duk inda idonka ya kai gona ce, a bayanta wata gonar, a bayan wannan kuma gida ne da rumbuna, sannan wata gonar. An shata iyakoki da gamba ko lalle ko cin-da-zugu. A cikin gonakin ga ɗorawa, ga tsamiya, ga kuka, ga kanya, kowace bishiya da mai ita. Ga kuma gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, sai rani ya shigo ya yi kore shar. Lokacin da na je an riga an ɗaure gero, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi, ana ta cirar gyaɗa, yara kuma suna ɗora harawa a kan rassan bishiya don kada awaki su riga rani cinye ta.

Gezawa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, tana maƙwabtaka da Minjibir da Gabasawa da Warawa. Faɗinta murabba'in kilomita 340 ne, amma ƙidayar 2006 ta samu mutum 282,069 a cikinta. Ku ɗauki biro ku raba: fiye da mutum 800 ke nan a kan kowane murabba'in kilomita, kuma wannan lissafin tun kafin a haifi yawancinku ne. Cikin mazaɓunta akwai Jogana, inda layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa, da Babawa da Ketawa da Wangara da Tsamiya Babba da Tumbau.

Wannan Tumbau ɗin sunanta ya shiga littattafan jami'o'in duniya. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana nazarin ƙasar noman da ta kewaye birnin Kano. Tumbau na cikin ƙauyuka huɗu da shi da abokin aikinsa suka gina littafinsu na 1999 a kansu, mai suna Working the Sahel. Tambayar da ta kawo masana nan ita ce: yaya ake noma gona ɗaya kowace shekara, tun kaka da kakanni, ba tare da an bar ta ta huta ba, amma ba ta mutu ba?

Amsar tana hannun kowane manomin Gezawa. Da damina ana ɗaure tumaki da awaki a turke, a tara takinsu, da bazara a kai gona. A dā har jakuna kan je birni su ɗauko shara da toka a mangala. Ana shuka wake a tsakanin gero, in an girbe gero wake ya samu rana ya bazu, ya ba da ƙwaya ga mutane, harawa ga dabbobi, ya kuma bar wa ƙasa ƙarfi. Kara ya zama danga ko makamashi, tokarsa ta koma gona. Inda ƙasa ta yi kaɗan, mutane suka yi yawa, ba wanda ke da halin barin gona ta kwana shekara babu komai a cikinta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Takardar da aka ba Kawu

Na tarar da Kawu a zaure yana gyara igiyar awo. Bayan na shiga ciki na gaida Inna, aka kawo fura, sai ya zaro takardar daga aljihun gaban rigarsa, ya ce a kira Auta.

Auta ta gama sakandare bana. Ta samu kiredit bakwai a NECO, har da Turanci da Lissafi, abin da ya sa Inna ta yi sadakar waina. Amma a jarrabawar JAMB, wato UTME, makinta bai kai wanda ake nema ba a fannin da take so, wato ilimin aikin gona a Jami'ar Bayero. Ba ita kaɗai ba ce. A 2025 kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna UTME, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Ga Auta kuma akwai ƙarin dalili: ranar jarrabawar ce karo na uku a rayuwarta da ta zauna gaban kwamfuta.

Sakamakon UTME na shekara guda ne. In ba ka samu gurbi da shi ba, sai ka sake sayen fom ka sake zama baɗi. Shekarar jiran nan ita ce ke cinye yara da yawa a karkara. Namiji ya tafi birni neman abin taɓawa, sai ka ji shiru. Mace kuwa, in ta zauna a gida shekara guda ba ta zuwa ko'ina, kowa ya san maganar da ke biyo baya. A gidan Kawu ma an riga an aiko, ya ce a dakata sai bayan kaka.

Takardar kuwa wani mutum ne ya ba Auta a shagon kwamfuta a birni, ranar da ta je duba sakamako. An rubuta cewa za a shigar da ɗalibi jami'a aji biyu kai-tsaye ta hanyar IJMB, ba ruwansa da UTME, ba sai ya zauna a aji ba, kuma sakamako tabbas ne. Babu adireshin makaranta, sai lambar waya da lambar asusun banki mai sunan mutum guda. Kuɗin da aka nema ya kusa cinye gyaɗar Kawu ta bana gaba ɗaya.

"To, ɗan nan," in ji Kawu, "gaskiya ce ko ƙarya?"

Na ce, "Kawu, rabinta gaskiya ne, rabinta ƙarya. Rabin gaskiyar ne ma ya sa ƙaryar take cin kasuwa."

Rabin gaskiyar

Ƙofar shiga jami'a a Najeriya biyu ce, kuma dukkansu ta hannun JAMB ake bi, hukumar da ta fara aiki a 1978. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani: ka zauna UTME a darussa huɗu, Turanci da uku na fanninka, ka bi tantancewar jami'a, a ɗauke ka aji ɗaya. Ta biyu ita ce ake kira DE, wato shiga kai-tsaye. Mai bin wannan ƙofa ba ya zama UTME. Yana zuwa ne da wata takardar shaida ta gaba da sakandare, wadda ke nuna ya riga ya yi karatun da ake yi a shekarar farko ta jami'a, sai a sa shi aji biyu.

Takardun da ake karɓa sun haɗa da NCE ta kwalejin ilimi, wadda ake yi shekara uku, da difloma ta ƙasa, ND, ta shekara biyu, irin wadda ake samu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta. Sai kuma jarrabawar babban mataki, wadda karatunta bai cika wuce shekara guda ba. A nan Arewa wadda aka fi sani ita ce IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita tun 1976. Akwai takwararta JUPEB, wadda wasu jami'o'i suka haɗu suka kafa a 2014 a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas.

Ga yadda IJMB take. Ɗalibi zai zaɓi darussa uku da suka dace da fannin da yake so. Mai son aikin gona ko likitanci zai ɗauki irin su Kemistiri da Bayoloji da Fizis. Mai son shari'a ko aikin jarida zai nufi irin su Adabin Turanci da Tarihi da Gwamnati ko Nazarin Addinin Musulunci. Zai zauna a aji, ya yi gwaje-gwaje, ya shiga ɗakin gwaji in ɗan kimiyya ne, sannan ya rubuta babbar jarrabawa da biro da takarda. Kowane darasi ana ba shi daraja: A maki 5 ne, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuwa babu komai. Da jimillar makin nan ne ɗalibi zai sayi fom ɗin DE na JAMB ya nemi gurbi. Kowace jami'a da kowane fanni da makin da suke nema, kuma fannoni masu cunkoso kamar likitanci da shari'a sun fi tsanani.

Ina cikin wannan bayani Kawu ya ɗaga hannu. "Dakata. Ashe irin na makarantar allo ne. Lokacin da Baba ya kai ni gabas, malamin da na tarar bai mayar da ni babbaƙu ba. Cewa ya yi in biya ya ji. Da ya ji na riƙe izu goma, daga na sha ɗaya ya ɗora mini."

Ban taɓa jin wanda ya fassara DE da kyau kamar haka ba. Ba tsallake karatu ake yi ba. Karatun ne aka yi a wani wuri, aka zo aka biya, malami ya gamsu, ya ɗora daga inda aka tsaya.

A gindin tsamiya

Bayan azahar Kawu ya ce mu je mu gaida maƙwabcinsa, wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya, wanda duk unguwar ke kai wa takardu ya karanta. Mun same shi a gindin tsamiyar ƙofar gidansa da rediyo a gefe. Da ya ji abin da ke tafe da mu sai ya yi murmushi, ya ce wannan hanya ai ta girme mu duka.

Ya tuna mana cewa a zamaninsu sakandare shekara biyar ce. Wanda ya yi fice sai ya ƙara shekara biyu a aji shida, a manyan makarantu irin su Kwalejin Barewa ta Zariya, ya zauna jarrabawar HSC, daga nan ya shiga jami'a ya yi digiri a shekara uku. Amma makarantun da ke da aji shida a Arewa ba su da yawa, ɗaliban da ke fitowa ba sa cika guraben jami'a. Wannan giɓi ne ya sa aka buɗe makarantun share fage, kamar wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta yi a Samaru, da kwalejojin jihohi irin su CAS ta Kano da ke kan titin filin jirgin sama, wadda aka sauya wa suna daga baya amma har yau CAS mutane ke ce mata. IJMB ta zo ne don a samu ma'auni guda da za a auna ɗaliban waɗannan makarantu. Da tsarin 6-3-3-4 ya shigo a shekarun 1980, aka daina aji shida irin na dā a makarantun gwamnati, digiri ya koma shekara huɗu ga mafi yawan fannoni, amma ƙofar DE ba a rufe ta ba. Har yanzu ana karatun IJMB a CAS, da makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, da wasu kwalejoji da jami'ar ta amince da su.

Sai ya juya ga Auta, wadda ta durƙusa a gefe. "'Yata, kada wani ya ce miki sauƙi ne. Abin da ɗan aji ɗaya zai karanta a jami'a shi za ki karanta, kuma a ƙurarren lokaci. Kowa ya ci zomo ya ci gudu."

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

Wannan dabara ba a Najeriya kaɗai ake yin ta ba. A Ingila, tun 1951 ɗalibai ke zama jarrabawar babban mataki bayan shekara biyu suna karanta darussa uku ko huɗu, shi ya sa digirinsu yawanci shekara uku ne. Daga can muka gaji HSC. A Jamhuriyar Nijar, ɗalibin Maraɗi ko Damagaram ba ya zama wata jarrabawa irin UTME. Jarrabawar ƙarshen sakandare da suke kira BAC ita ce mabuɗin jami'a.

A Amurka kuwa abin ya ɗan bambanta. Wata hukuma mai suna College Board tana gudanar da shirin AP tun 1955. Ɗalibi yana cikin sakandare zai ɗauki darasi mai nauyin na jami'a, ya zauna jarrabawarsa a watan Mayu, a ba shi maki daga 1 zuwa 5. Jami'o'i da yawa, in ya samu 3 ko sama, sukan yafe masa wannan darasi idan ya shiga, ko su sa shi a ajin da ke gaba. Tun da a can kuɗin karatu yana da tsada ƙwarai, duk darasin da aka yafe kuɗi ne ya rage a aljihun iyaye. Bambancinmu da su shi ne, su darasi-darasi ake yafe musu tun suna sakandare, mu kuwa sai an gama sakandare, kuma shekara guda ake yafewa dunƙule. Amma tushen ɗaya ne da na malamin Kawu: biya mu ji, mu san inda za mu ɗora maka.

Rabin ƙaryar

Yanzu mu koma kan takardar. Ƙarya ta farko ita ce "ba sai ka zauna a aji ba". Duk wanda ya ce zai ba ka sakamakon karatun da ba ka yi ba, takardar jabu zai ba ka, ko ya saya maka amsa, ko ya gudu da kuɗinka. Hukumar JAMB, a ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta taɓa bayyana cewa da Jami'ar Bayero ta binciki sakamakon babban mataki guda 148 da masu neman gurbi suka kawo, shida kaɗai aka samu na gaskiya, sauran 142 jabu ne. Irin wannan ne ya sa yanzu ake tantance takardar duk mai neman DE daga wurin da ta fito kafin a ba shi gurbi. Wanda ma ya sulale ya shiga, ranar da aka gano za a kore shi, ko yana ajin ƙarshe. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ƙarya ta biyu ita ce "ba ruwanka da JAMB". UTME ce ba za ka zauna ba, amma dole ka sayi fom ɗin DE na JAMB, da lambarka ta ɗan ƙasa, NIN, kuma ta shafin hukumar gurbinka zai fito. Duk gurbin da bai bi ta nan ba, ba gurbi ba ne.

Ƙarya ta uku ita ce "tabbas". Guraben DE ba su kai na UTME yawa ba, kuma ana gasa a kansu. Mai maki kaɗan zai iya gama IJMB ya rasa fannin da yake so. Sannan IJMB ba ta wanke kiredit: sai kana da biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi da darussan fanninka, yawanci a zaman da bai wuce biyu ba.

Ku kuma lura da lissafin shekaru. IJMB ba ta gajarta karatu. Digirin aikin gona shekara biyar ne. In Auta ta yi shekara guda a IJMB ta shiga aji biyu, saura huɗu, jimilla biyar ɗin dai. Ribarta ita ce shekarar da za ta zauna a gida tana jiran wata UTME ta zama shekarar karatu da za a lissafa mata. Waken da aka shuka a tsakanin gero ke nan: gonar ba ta ƙaru ba, amma ba ta kwana banza ba.

Abin da za ku fara tun yanzu

Ƙannena, ga abin da na faɗa wa Auta, kuma ku ma ya shafe ku. Na farko, kiredit biyar ɗin nan su ne tushe. Ko ta wace ƙofa za ka shiga, da su za a fara tambayarka, don haka kada ka yi wasa da Turanci da Lissafi. Na biyu, tun kana SS2 ka san fannin da kake so da darussan da yake buƙata. Littafin jagora na JAMB yana intanet, kuma ya jera abin da kowace jami'a ke karɓa a UTME da DE. Ka roƙi malaminku ya duba tare da ku, domin ba kowace jami'a ce ke karɓar kowace takarda a kowane fanni ba. Na uku, ka saba da kwamfuta kafin ranar jarrabawa. Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake zama UTME, kuma yaro mai ƙoƙari yakan zubar da maki saboda hannunsa na rawa a kan linzami. Na huɗu, in za ka yi IJMB ko JUPEB, ka taka da ƙafarka zuwa makarantar, tare da mahaifinka ko yayanka, ka ga azuzuwa da ɗakin gwaji da ɗalibai a zaune, ka tabbatar tana cikin waɗanda aka amince da su, kuma kuɗi a asusun makaranta ake biya, a karɓi rasiti. Na biyar, shiga IJMB ba ya hana ka sake zama UTME a wannan shekarar. Wanda ya yi haka ya kafa tarko biyu, kuma karatun ɗaya yana taimakon ɗayan.

Hukuncin Kawu

Bayan sallar isha'i muka zauna a tsakar gida, ana ɓarar gyaɗa a hasken fitila. Inna ce ta fara magana. Damuwarta ba maki ba ne, wurin kwana ne: yarinyar da ba ta taɓa yin mako a birni ba, a wajen wa za ta zauna? Aka yi ta shawara har aka tsaya kan gidan wata gwaggonta. Sai maganar mutanen da suka aiko. Kawu ya daɗe bai ce komai ba, yana ta murza ɓawon gyaɗa. Can ya ce zai je da kansa ya ba su haƙuri. In suna iya jira, Allah Ya sa alheri. In ba sa iyawa, ba a yi faɗa ba.

Ya ce ranar Litinin ni da shi da Auta za mu shiga Kano mu ga makarantar da idonmu, mu ji kuɗinta daga bakin ma'aikatanta. Gyaɗa kuma ba zai sayar da ita duka yanzu ba, tunda a kaka farashi a ƙasa yake. Zai fitar da abin da rajista ke buƙata, sauran ya jira bazara. Takardar mutumin shagon kwamfuta kuwa, ya miƙa wa Inna ya ce ta hura wuta da ita da safe.

Da za a tashi Auta ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya. "Yaya, in na yi shekarar ban samu makin ba fa? Gyaɗar Baba ta tafi ke nan."

Ban ce mata ba zai faru ba, domin yana faruwa. Na ce mata in hakan ta kasance, za ta fito da Kemistiri da Bayoloji da suka fi na yau ƙarfi, ga UTME da za ta sake zama tana cikin karatu ba tana gida ba, ga kuma hanyar difloma a Dambatta wadda ita ma tana kaiwa aji biyu. Na kuma tuna mata cewa mahaifinta kowace shekara yana zuba iri a ƙasa ba tare da an ba shi tabbacin ruwa ba. Abin da ke hannunsa shi ne taki da noma a kan kari, kuma bai taɓa fasa su ba.

Ta ce, "Ni dai so nake in san abin da ya sa gonar Baba ta gabas ta fi ta yamma ba da dawa, alhali taki ɗaya ake zuba musu." Na ce mata irin wannan tambayar ce ta kawo masana Tumbau daga wata uwa duniya, kuma a Jami'ar Bayero akwai cibiya guda da aka kafa don nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Ba laifi ba ne in wata rana 'yar Gezawa ce ta ba da amsar.

Ranar Litinin muka fito da sassafe, Kawu da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, Auta riƙe da takardunta a cikin leda, ni kuma da tsarabar wake kwano biyu da Inna ta ɗaura mini. A bakin titi muna jiran mota, wani yaro ya wuce da kura cike da taki, ya nufi gonar da ko dawarta ba a gama girbewa ba. Kawu ya bi shi da kallo ya ce, "Ka ga mai shirin baɗi."

Duk wanda yake da tambaya kan IJMB ko DE, ya fara da malamin da ke ba da shawara a makarantarsu, ko ya aiko mana ta wannan fili. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.